Allon Dauda

Kwali na uku ne ya maƙale a ƙarƙashin gadon. Ummulkhairi ta durƙusa ta sa hannu biyu ta fizgo shi, gindinsa ya yage, abin da ke ciki ya zubo a kan darduma. Katin asibitin babanta ta shigo nema, wanda ya ce ya faɗa bayan gado, sai ga ta da tulin ƙananan kwamfutocin hannu a gabanta, irin waɗanda kamfanin da take yi wa aiki yake haɗawa a Jidda. Ba sai ta duba tambari ba. Ita da kanta ta zaɓi koren launin da ke bayansu.

Kowace an manna mata farar takarda, an rubuta suna da gari da ajami, da rubutun nan na babanta mai karkata gefe guda. Hajiya Yalwa, Gusau. Liman Hamad, Damagaram. Ikram ta gidan Alhaji Sami, Kazaure. Ta danna maɓallin ta farko, shiru. Ta danna ta biyu, shiru. Ta jera su a kan gado tana ƙirgawa, arba'in da uku, babu wadda ta ko ƙyafta.

Malam Dauda yana falo yana tsoma burodin tamis a shayi. Ya ji ƙarar kwalin sarai, amma bai ɗago ba sai da ta tsaya a kansa da guda biyu a hannu.

"Baba, mene ne waɗannan?"

"Kin ga katin?"

"Ba katin nake tambaya ba."

"Saƙon mutane ne," ya ce. "Ki mayar da su inda kika gan su."

A unguwar Mansur ta Makka babu wanda bai san Dauda Mai Agogo ba. Shekara arba'in ya yi a shagon da bai fi faɗin tabarma biyu ba, yana sayar da agogo yana gyarawa. Mahaifinsa da ƙafa ya zo daga Kazaure, ta Cadi da Sudan, kuma bai bar masa gida ko fili ba. Abin da ya bar masa shi ne mutum ya ba shi ajiyar jakarsa ya tafi Mina hankali kwance. Alhazai suna miƙa wa juna sunansa tun daga gida, kamar yadda ake miƙa lambar likitan kirki.

Bara, da Ustaz Rakan shugaban sashen talla ya ce kamfani yana neman fuskar da Hausawa za su yarda da ita, Ummulkhairi ce ta ɗaga hannu. Ita ta yi sati biyu tana lallashin tsohon, ita ta wanke masa hula, ita ta rubuta masa abin da zai faɗa. Bidiyon bai cika minti ɗaya ba. Yana zaune a tsakiyar agogunansa, ya ɗaga kwamfutar ya ce, "Ni Dauda na ce ku saya wa 'ya'yanku." Kafin alhazai su gama watsewa, babu mai kiran abin da sunan da kamfani ya raɗa masa. Allon Dauda ake cewa, daga Makka har Agadas.

"Tun yaushe suke zuwa?" ta tambaye shi.

"Tun Rabi'ul Awwal. Duk mai zuwa Umra sai a ɗora masa ɗaya ya kawo mini."

"Akwai lamba a jikin kwalin. Akwai garanti na shekara guda. Me ya hana su aika wa kamfani?"

"Kamfani suka sani? Ni suka sani." Ya kurɓi shayi. "Taha na kusa da shagona yana gyara biyu ko uku a sati. Ya ce wani ɗan ƙarfe ne ba a sa ba a wurin caji, bai fi ƙwayar shinkafa ba. Wutarmu ta nan ba ta rawa, shi ya sa ba a gane. Can gida kuwa, wuta ta yi sama ta yi ƙasa sau biyu, ko a jona a janareto, shi ke nan."

"Wa yake biyan Taha?"

Ya sake tsoma burodi a shayi. Sai a lokacin ta gane abin da ya sa akwatin gilashin shagon yake ta ramewa wata da watanni, ita kuwa uwar wayo tana murna wai kasuwa ce ta buɗe.

"Ka bar ni ina yawo a ofis ina cika baki cewa ko ɗaya ba a dawo da ita ba. Yau ɗin nan, ƙarfe sha ɗaya, zan tsaya a gaban masu zuba jari in maimaita."

"Shi ya sa ban gaya miki ba, 'yata. Shekara uku kika yi kina neman aikin nan."

"Sunanka fa, Baba? Ba sunan Rakan suke kira ba in ta mutu a hannun yaro."

"Sunana yana nan, muddin wanda ya aiko an mayar masa da abinsa yana aiki. An gyara sittin da wani abu, sun koma. Waɗannan ma za su koma." Ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗauki makullin shago. A bakin ƙofa ya juyo. "Halas, magana ta ƙare. Ki mayar da su ƙarƙashin gado. Amana ce."

Ta ji takunsa yana sauka a matattakala har ya ɓace. Ta koma ɗakin ta tsaya tana kallon gadon, sannan ta jawo babban akwatin tafiya mai taya daga saman kabad, ta shiga loda su.

Daga gidansu a unguwar Shisha zuwa otal ɗin taron a Aziziyya ba wani nisa ba ne, amma motocin 'yan Umra sun cushe bakin ramin da ya ratsa dutse, taksin sai rarrafe yake. Ummulkhairi ta fito da wayar kamfani daga jaka. Wayar nan ita ce rabin aikinta: lambar da aka buga a kwali don masu jin Hausa, ita take sauraron saƙonnin muryar da suke shigowa, ta yi wa kowanne alama, ya gamsu ko bai gamsu ba. Wata rana ɗari suke zuwa. Ita kuwa a Makka aka haife ta, da Larabci take mafarki, Hausarta ta gida ce, kuma tun tana yarinya doguwar gaisuwar baƙin babanta take ƙona mata rai. Saboda haka ta samo wa kanta dabara. Tana jin an fara "Alhamdu lillahi, mun gode, Allah ya saka da alheri," sai ta danna ya gamsu ta wuce na gaba.

Ta nemo saƙon Gusau. Minti uku da rabi ne, kuma wayar ta nuna a daƙiƙa ta ashirin ta tsayar da shi wata huɗu da suka wuce. Ta sa a kunne.

Muryar dattijuwa ce, a hankali take magana. Ta yi sallama, ta gaida Malam Dauda da iyalinsa da maƙwabtansa, ta tambayi zafin Makka, ta yi godiya, ta sake godiya, ta ce jikokinta sun yi murna da allon har suna faɗa a kansa. Sai da minti biyu suka wuce sannan ta yi ɗan gyaran murya.

"Sai dai fa, ba wani abu ba ne, ɗan allon ya daina tashi. Wataƙila mu ne ba mu iya ba. Abin Makka ai ba a kushe shi. Da don ta yara ne da na yi shiru, to amma hotunan Alhaji na Arfa suna ciki, da muryarsa yana addu'a. Allah ya yi masa rasuwa sati uku da dawowarmu. In da hali a duba mini. In babu kuma, ba komai, mun gode."

Ummulkhairi ta sauke wayar. Ta buɗe wani saƙon, ta ja shi zuwa minti na biyu. Ta buɗe wani. Duk a can ƙarshe maganar take, a naɗe cikin ban haƙuri, kamar mai maganar ne ya yi laifi. Kunya ta kama ta, kunyar kuma ta koma fushi, domin fushi ya fi sauƙin ɗauka. Ta ji haushin Rakan da ya ce mata kada saƙo ya wuce rabin minti a kunnenta, ta ji haushin babanta da shirunsa, ta ji haushin tsohuwar nan ma da take gode wa wanda ya cuce ta. Mai taksin ya leƙo ta madubi ya tambaya ko sanyin motar ne ya yi yawa. Ta ce masa ya dubi hanyarsa.

An riga an fara lokacin da ta shiga zauren otal ɗin. Mutum goma sha huɗu ne a zaune a dogon tebur, daga Jidda, daga Riyad, biyu daga Kuwait, gaban kowa da gahawa da dabino. A can ƙarshen teburin akwai wani dattijo cikin babbar riga ruwan toka da hula zanna, wanda ta gani a jerin sunaye: Alhaji Mukhtaru, ɗan kasuwa daga Kano. Ta jingina akwatin da bango ta zauna.

Rakan yana tsaye gaban majigi cikin farar rigar da ko ƙuda bai sauka a kanta ba. Shi mutum ne da in ya yi maka bayanin ruwan famfo sai ka ji kamar ba ka taɓa sha ba. Ya ce kamfaninsu ƙarami ne, kuma ba shi da niyyar kokawa da manyan duniya a kantunan Riyad. Ya ce su sun tsaya a inda manyan ba su duba ba: kwana ukun ƙarshe na mahajjaci, lokacin da ya gama ibada, zuciyarsa ta yi laushi, yana tunanin abin da zai riƙa wa yara. A da, dabino ne da tasbaha da Zamzam. Yanzu ga kwamfuta mai ɗauke da karatu, a cikin koren kwali mai rubutun zinare, an haɗa ta a ƙasa mai tsarki.

Ya danna, sai ga fuskar Malam Dauda ta cika bango, da hular da ta wanke masa.

"Ba ma sayen tallan talabijin," in ji Rakan. "Kowace al'umma tana da mutum ɗaya a Makka wanda in ya ce a saya, an saya. Mun gwada da Hausawa, mun sayar da dubu goma sha ɗaya a Hajji guda. Baɗi muna son irin wannan mutumin ga mutanen Indonesiya, da Pakistan, da Senegal. Abin da muke nema a wurinku shi ne jarin sabuwar masana'anta, mu ninka abin da muke haɗawa sau shida."

Ya sake dannawa. Bangon ya yi fari fat, sai ƙaton sifili a tsakiya.

"Wannan shi ne adadin waɗanda aka dawo mana da su. Kashi casa'in da takwas cikin ɗari na masu kiranmu kuma sun ce sun gamsu. Ustaza Ummulkhair ita ce mai sauraron abokan cinikinmu da yarensu. Bisimilla, Ustaza."

Ta tashi. Maimakon ta nufi majigin, sai ta ja akwatin, tayarsa tana ƙara a kan marmara, ta kwantar da shi a gaban teburin ta zuge. Ta riƙa ɗebo su huɗu huɗu tana jerawa a tsakanin kofunan gahawa. Wani ɗan Riyad ya janye wayarsa gefe. Rakan yana murmushi har yanzu, amma murmushin ya sandare.

"Arba'in da uku ne a nan," ta ce da Larabci. "Duk matattu ne. Sama da sittin an riga an gyara an mayar. Waɗannan waɗanda suka sami mai kawowa ne kawai. Akwai abin da ba a sa ba a wurin caji, kuma wutar ƙasashen ba ta barin su. Kashi casa'in da takwas da aka ce sun gamsu, ni na rubuta, kuma ƙarya ce, domin ban saurari saƙonnin har ƙarshe ba. Wannan mutumin da ke bango mahaifina ne. Shekara arba'in ya yi yana tara abin da kuka kashe a Hajji ɗaya."

Ta tsaya tana numfashi, tana jiran a fara tattara takardu ana ficewa. A taksi ta gama tsara yadda abin zai kasance: su watse, Rakan ya rasa abin cewa, a sauke bidiyon, a tilasta wa masana'anta ta sa ɗan ƙarfen nan.

Alhaji Mukhtaru ne ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya karanta ajamin yana motsa baki. Da ya yi magana, da Hausa ya yi.

"'Yata, dubu sha ɗaya aka ce an sayar?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"Waɗanda suka dawo kuma, duka da duka, ɗari da 'yan kai."

"Waɗanda suka iso ke nan. Sauran suna can a cikin gidaje."

"Suna can," ya amsa yana gyaɗa kai. "Wurin wa suka dawo?"

"Wurin babana."

"Gyaran fa, kamfani ya yi?"

"Shi ya yi. Da kayan shagonsa."

"To akwai wanda ya kai ƙara? Ko wanda ya hau waya ya zagi kamfani a bainar jama'a?"

Sai ta fara ganin inda ya dosa.

Alhaji Mukhtaru ya ajiye allon a hankali, ya juya ga sauran ya koma Larabci, irin na wanda ya daɗe yana sayayya a Jidda. Ya ce yana son ya fahimtar da su wani abu game da mutanensa. A wurinsu abin da aka kawo daga Makka sunansa tsaraba, kuma ba a mayar da tsaraba, ba a kushe ta. Wanda aka ba ba zai koma wa alhaji ya ce abin da ka kawo mini ya lalace ba. Alhajin ma in ya ji, ba zai yarda ya faɗa ba. Sai a naɗe a tsumma a sa a ƙasan akwati, baɗi kuma wani ya sayo sabuwa. Ya ce shekara talatin yana kasuwanci bai taɓa ganin kayan da al'ada take tsaronsu haka ba, kuma shi sifilin da aka nuna bai gamsar da shi ba, amma wannan akwatin ya gamsar da shi.

Ɗaya daga cikin mutanen Kuwait ya yi 'yar dariya, ya rubuta wani abu. Ɗan Riyad ya tambaya ko mutanen Indonesiya ma haka suke. Fara'ar Rakan ta dawo, ya matso gaba yana cewa wannan ita ce irin gaskiyar da suke ƙarfafa wa ma'aikatansu gwiwa su faɗa, kuma batun ɗan ƙarfen za a duba shi a zubi na gaba idan farashi ya ba da dama. Har ya ce a tafa wa Ustaza. Aka tafa mata.

Ba ta san lokacin da ta fita ba. A barandar waje ta tsaya, ta dafa bango. Da ta yi kuka da ta sami sauƙi, amma ko hawaye ya ƙi zuwa. Ta daɗe a nan. Aka kira azahar, mutanen suka fito suna hira suka nufi masallacin otal, sannan Alhaji Mukhtaru ya tsaya a gefenta yana gyara hannun riga.

"Kin ji haushina."

"Ranka ya daɗe, a cikin waɗanda ka taɓa akwai na matar da mijinta ya rasu. Muryarsa tana ciki."

"Allah ya jiƙansa," ya ce, kuma da gaske ya faɗa, abin da ya ƙara ƙona mata rai ke nan. "Ki gaida mini Malam Dauda. Shekara ashirin da biyu da suka wuce na bar masa jakata da duk guzurina na tafi Mina, ko takarda bai ba ni ba. Na dawo na same ta yadda na ɗaure ta. Da ban ga fuskarsa a takardar gayyata ba, da ban zo taron nan ba."

Ya wuce abinsa. Ta bi bayansa da kallo har ya shige, sannan ta tuna da kayan, ta koma zauren da sauri.

Teburin ya koma fes, an ma canza kofuna. Akwatinta yana jingine da bango a zuge, da ta ɗaga shi sai ta ji shi sakayau. Rakan yana naɗe wayar majigi.

"Ina suke?"

"Motar kamfani ta tafi da su Jidda. Kayanmu ne, suna ƙarƙashin garanti, ke kika kawo su da hannunki." Bai ɗaga murya ba. "Za a ba kowa sabuwa fil a kwali. Ba haka kike so ba?"

"Sabuwa mai irin ciwon tsohuwar. Akwai hotunan mutane a ciki, ya Ustaz. Akwai muryoyi."

"Ƙa'idar masana'anta ce, duk wadda ta dawo ana goge ta a cire abin da zai yi amfani. Ma'alesh, sai haƙuri." Ya nuna mata kwandon shara da haɓarsa. "Takardun na sa an ɓamɓare, kada wani ya ɗauki hoton sunayen abokan ciniki. Ki huta yau. Gobe za mu zauna, ina da shawara a kan mahaifinki. Me zai hana ya zama wakilin gyaranmu a hukumance?"

Ta kira ofishin Jidda sau huɗu a tsaye a wurin. Na farko ya ce ba sashensa ba ne, na biyu ya ce sai da izinin Ustaz Rakan, daga nan ba a ƙara ɗauka ba. Ummulkhairi, mai digiri a fannin kasuwanci, ta durƙusa a gaban kwandon shara tana tsince fararen takardu daga cikin ƙwallayen dabino.

Bayan la'asar ta isa Mansur. Titin ya cika kamar kullum, hayaƙin masu tsire ya tokare sama, mata suna sayar da yaji da kuka a bakin shaguna, wani yana ciniki da Hausa yana ƙarasawa da Larabci. Mutum uku suka gaishe ta da "'yar Malam," ta amsa ba tare da ta dube su ba. Malam Dauda yana zaune a bayan akwatin gilashinsa, da madubin gyara a ido ɗaya. Ya ga akwatin tafiyar da take ja, ya ga yadda yake tsalle a kan kwalta don rashin nauyi. Ya cire madubin.

Ta zuba takardun a kan gilashin, ta gaya masa komai a tsaye, ba ta rage ba: taksin, saƙon Gusau, sifilin, tafin, motar Jidda. Har gaisuwar Alhaji Mukhtaru ta isar.

Tunda take ba ta taɓa ganin babanta ya yi fushi irin na ranar ba, kuma ko kalma ɗaya mai zafi bai furta ba. Ya ɗauki takardun ɗaya bayan ɗaya yana miƙar da su da babban yatsa, yana jerawa. Da ya zo kan ta Hajiya Yalwa sai ya tsaya.

"Ita ce ta gaba a wurin Taha," ya ce. "Jibi mai kai mata zai tashi."

"Baba, na ɗauka in sun gani da idonsu..."

"Na ce miki amana ce."

"Ka ce."

"Shekara arba'in ko allura ba ta taɓa ɓata a hannuna ba. Ba ɓarawo ne ya shiga gidana ba, ba gobara ba."

Ta sunkuyar da kai. Wannan karon babu wanda za ta ɗora wa fushin, sai ya zauna mata a ƙirji. Wani mai Umra ya tsaya a ƙofar shagon da fara'arsa, ya tambaya ko nan ne ake samun Allon Dauda, domin an yi masa saƙon guda biyu. Malam Dauda ya dube shi ya ce babu, kuma kada ya saya a ko'ina. Mutumin ya yi godiya ya tafi yana waiwaye.

"Wayar nan ta ofis," tsohon ya ce, "lambobin duk waɗanda suka saya suna ciki?"

"Suna ciki."

"Ana iya aika musu magana ɗaya gaba ɗaya?"

"Ana iya. Haka muke aika musu barka da Sallah."

Ya dube ta sosai. Ya san abin da yake tambaya, ita ma ta sani. Shekara uku ta yi tana neman aikin nan, kuma wayar kamfani ce, da yarjejeniyar da ta sa wa hannu.

"Ba dole," ya ce. "Ina iya tsayawa a bakin shagon nan in riƙa faɗa wa mutum ɗaya ɗaya. Amma da bakina na ce a saya, da bakina zan ce a bari. Masu arba'in da ukun nan kuma su ji daga gare ni cewa kayansu a hannuna suka salwanta."

"A hannuna ne, Baba."

"Ni aka ba."

Ta ciro wayar, ta buɗe jerin, dubu goma sha ɗaya da wani abu. Ta zagayo bayan akwatin gilashin ta tsuguna kusa da kujerarsa, ta kai wayar daidai bakinsa. Ya gyara zaman hularsa kamar za su gan shi. Ta danna.

"Assalamu alaikum wa rahmatullah," ya fara. "Dauda ne Mai Agogo, daga Makka. Ina gaida malamai, ina gaida alhazai da hajiyoyi. Yaya gida, yaya iyali, yaya yara da karatu? Yaya damina a wurinku? Mutanen Gusau ina gaisuwa, mutanen Damagaram, mutanen Kazaure..."

Ummulkhairi ta dubi daƙiƙun suna hawa, ashirin, talatin, arba'in. Ta san sai ya wuce minti biyu kafin ya iso ga maganar, kuma ta san waɗanda ake aika wa za su saurara har ƙarshe. Hannunta ya fara gajiya, ta tallafe shi da ɗayan.